Zanen Goyo Ɗaya da Tsaga Uku: Amsa ga Malama Mai Neman Mahaifiyarta

Wasiƙar wannan makon daga Gombe ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, ina da aure da yara biyu. A takarda 1991 aka haife ni. Bara Allah ya yi wa Babanmu rasuwa. Ranar rabon gado, ana zazzaune a tsakar gida, Bappanmu ya ce a cire sunana, wai ni ba 'yar gidan ba ce, riƙona aka yi. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Da na tambayi Dada, matar Baba da ta raine ni, kuka kawai ta yi ta yi. Abin da na samu daga bakinta shi ne wata ungozoma ce ta kawo ni ina jinjira daga wani ƙauye ta wajen Dukku, lokacin tana da shekara tara da aure ba ta taɓa haihuwa ba. Bayan zuwana ta haifi maza uku. Ta ciro mini zanen da aka goyo ni da shi daga ƙasan akwatinta. Ina da ƙananan tsaga uku a gefen ido da babu mai irinsu a gidanmu, a da in na tambaya sai a ce ta magani ce. Tun ina sakandare nake rubuta labarai. Yanzu na fara littafi a kan yarinyar da ke neman uwarta, ga babi uku nan na haɗo miki. Niyyata in riƙa sakinsa a Facebook da WhatsApp da ainihin bayanaina, ko Allah zai sa wani ya gane. Maigidana kuma ya ce mu kai cigiya gidan rediyo. Amma duk ranar da na tayar da maganar, Dada ba ta cin abinci. Anti, butulci nake yi? Kuma zan iya zama marubuciya, ko dai baƙin ciki ne kawai ke riƙe da alƙalamin?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya sa riƙon da ya yi miki ya zame masa haske a kabari.

Maganar butulci, ki cire ta daga ranki. Neman sanin asali ba saɓon Allah ba ne, addininmu ma shi ya fi kowa tsare nasaba. Kin san labarin Zaidu ɗan Harisa, wanda ya tashi a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ana ce masa Zaidu ɗan Muhammadu, sai da ayoyi na 4 da na 5 na Suratul Ahzabi suka sauka suka ce a kira kowa da sunan ubansa. Amma akwai wani gefen labarin da ba a cika jan hankali a kansa ba. Tun kafin wannan, mahaifin Zaidu da baffansa sun biyo sawunsa har Makka don su fanshe shi, aka ba shi zaɓi, ya ce ya zaɓi zama inda yake. Ya san ubansa, ya gan shi ido da ido, kuma bai bar gidan da ya riƙe shi ba. Wannan shi ne abin da Dada take buƙatar ta ji daga bakinki. Ayar ta 5 kuma ta ci gaba da cewa in ba a san iyayen ba, to 'yan'uwa ne a addini, kuma babu laifi a kan abin da aka yi bisa kuskure. Saboda haka sunan Baba da ke kan takardunki na makaranta da na aiki kada ya hana ki barci. Ba ke kika sa shi ba. Yadda za a yi da shi nan gaba, ki zauna da malamin da kika yarda da iliminsa da kuma bakinsa.

Bappa kuwa, a hukunci bai yi ƙarya ba, riƙo ba ya kawo gado. A ladabi ne ya faɗi ƙasa warwas. Maganar da ya kamata a kira ki ɗaki a gaya miki, shi ya kwance ta a tsakar gida gaban surukai. Kuma shari'ar da ta hana ki gado ba ta rufe ƙofa ba: akwai kyauta tun mutum yana raye, akwai wasiyya har zuwa sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba. Na faɗa ne don ki sani, ba don ki je ki tayar da shi yanzu ba. In kika haɗa neman uwa da maganar dukiya, kin ba masu cewa tsintacciyar mage ba ta mage abin faɗa.

Yanzu ga inda zan saɓa miki, har da maigidanki. Ayyuka biyu ne a gabanki, neman mahaifiya da rubuta littafi, ke kuma kina so ki sa ɗaya ya yi aikin ɗayan. Taura biyu ba ta taunuwa. Ranar da kika zuba shekara da sunan yanki da kamannin zane da yawan tsaga a Facebook, kin ba duk wani mayaudari amsar jarrabawa kafin a shiga aji. Za a kira ki. Wata za ta yi kuka a waya ta ce ita ce, wani zai ce shi kawunki ne, a turo kuɗin mota. Da me za ki gwada su, bayan kin riga kin faɗi komai? Wannan ma ƙaramar ɓarna ce. Babbar ita ce, wataƙila akwai wata baiwar Allah a wani ƙauye, mai shekara hamsin da wani abu, da miji da 'ya'ya da jikoki, wadda ta binne wannan magana fiye da shekara talatin. Jikarta ce za ta karanto mata labarinki a waya, ko kishiyarta ta ji a rediyo ana tankaɗe. Allura za ta tono garma, kuma ke ba za ki samu uwa ba, sai dai matar da kika tona wa asiri. Cigiyar rediyo tana da ranarta, amma ita ce ta ƙarshe, kuma in ta kama a yi ta, a ɓoye alama biyu ko uku da ba za a faɗa wa kowa ba.

Daga gida za ki fara, daga Dada. Ki lura da abu guda: matar da take son ta ɓoye miki asalinki har abada da tuni ta yi tsumma da wannan zane ko ta jefa shi murhu. Ita kuwa ta ninke shi ta ajiye shekara da shekaru, ta kuma ciro miki shi da hannunta. Ba gaskiyar take tsoro ba. Tsoronta ki samu wata ki kira ta da sunan da ita kaɗai kike kira da shi. Don haka ki daina zuwar mata da tambaya kamar mai ɗaukar bayani a caji ofis. Ki je da yaranki ki kwana biyu. Ki zauna kusa da ita tana tsinkar zogale, ki sa hannu. Kada ki ce "wace ce uwata". Ki ce, "Dada, ranar da aka kawo ni, da rana ne ko da dare? Na yi kuka? Me kika fara ba ni?" Wannan labarinta ne, labarin ranar da aka daina yi mata gorin haihuwa, kuma ina kyautata zaton ta daɗe tana neman wanda za ta ba shi. A cikinsa sunan ungozomar zai faɗo, da watan da abin ya faru, ko damina ce ko hunturu, ko kusa da wace salla.

Akwai tambaya ɗaya da dole ki yi mata ko da ba ki nemi kowa ba: ta shayar da ke? In ta ba ki nono kina ƙasa da shekara biyu, to ita uwarki ce ta shayarwa, ƙannenki uku kuma muharramanki ne, aure ba ya yiwuwa tsakaninku, su kuma kawunnen 'ya'yanki ne a shari'a. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a ƙidaya yawan shan, ko sau ɗaya nonon ya isa ciki ya wadatar. Wannan zumunci ne da Bappa ba shi da bakin soke shi.

Bayan Dada, sai tsofaffin mata, kuma nan ne kaɗai zan ce ki yi sauri. Takarda tana jira, tsohuwa ba ta jira. Goggonninki, aminiyar Dada ta wancan lokaci, maƙwabciyar da ta zo ganin jaririya. Ba a shigo da jinjiri unguwa a Gombe, ko a Jekadafari ko a Bolari ko a Herwagana, a ce mata ba su yi ƙus-ƙus ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sun riƙe ne don ba a tambaye su ba. Ungozomar mai yiwuwa ta rasu, amma sana'ar tana bin gida, sau da yawa 'ya ko suruka ce ke riƙe mata fitila da ƙwarya, kuma ta san gidajen da suka shiga.

Tsagar nan ma ki kai ta gaban tsohon wanzami, ba yaro mai askin inji ba. Zai bambance miki tsagar magani da ta gado, kuma tsofaffinsu sukan gane ta wane yanki ce ko ta waɗanne mutane. In ta gado ce, to ki tsaya ki yi tunani a kan ma'anarta. A al'ada ranar suna wanzami ke zuwa. Ke nan akwai gidan da kika kwana bakwai aƙalla, aka kira wanzami, aka sa miki alamar dangi, wataƙila har da sunan yanka. Wanda zai yar da jariri ba ya biyan wanzami. Ban ce wannan hujja ce yankakkiya ba, amma ya fi kama da labarin rasuwa wajen haihuwa, ko ciwo, ko rabuwar aure, fiye da labarin budurwar da aka yaudara da na ga kina tsoro a babinki na biyu.

Takardu kuwa, kada ki ɗora musu buri da yawa, don riƙon hannu da hannu ba ya barin sawu a ofis. Duk da haka ki leƙa sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, ki kuma nemi gidan mai unguwar wancan zamani, domin akan sanar da su irin wannan. Ki tuna a 1991 babu jihar Gombe. Sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire ta daga jihar Bauchi, don haka in akwai fayil da ya wuce matakin ƙaramar hukuma, yana iya kasancewa a Bauchi ya kwana. Dokar da ta tilasta rajistar haihuwa a hannun hukumar ƙidaya ta ƙasa ma ta 1992 ce, kuma haihuwar gida a ƙauye ba kasafai take kai wa rajista ba. Kwanan watan da ke takardarki yana iya zama ranar da aka kawo ki, ba ranar da aka haife ki ba.

Za a ce miki ki yi gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ake kira DNA. Gwajin ba ya nemo mutum, kwatanta mutum biyu yake yi. Amfaninsa sai ranar da aka samu wadda ake zato, a ɗauki naki da nata. Tsakanin uwa da 'ya amsarsa tana fitowa sarai, tsakaninki da inna ko ɗan'uwa na nesa kuwa ba ta kai haka ƙarfi ba. Kamfanonin waje da ake aika wa yawu su haɗa mutum da danginsa, yawancin waɗanda ke rumbunsu mutanen Amurka da Turai ne. Ki adana kuɗinki.

Na taɓa raka wata baiwar Allah irin wannan tafiya, shekarun baya. Mun yi wata da watanni ana aike, wata tsohuwa ce ke kai da kawowa, har aka ce mu zo a matsayin baƙin tsohuwar. Mun tarar da matar tana sussuka. Ta ɗago ta dubi abokiyar tafiyata, ta ce sannunku da hanya, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a kwanon sha. Muka yi kusan sa'a biyu ana zancen damina da tsadar taki. Ba runguma, ba kuka, ba ta ma ƙara kallon inda take ba. Sai da muka miƙe, ta raka mu bakin zaure, ta jawo tsohuwar gefe ta ce a hankali, "Tana da yara?" Aka ce uku. Ta koma ciki ta fito da ƙullin gyaɗa a leda ta ce a kai musu. Abokiyar tafiyata ta yi kuka tun daga nan har muka hau kwalta, ita a ganinta an ƙi ta. Ni kuwa na ga matar da ta tashi cikin al'adar da uwa ba ta ko kiran sunan ɗan fari, ga kuma mijinta zaune a ƙofar gida. Na ba ki wannan ne don ki rage wa ranar haɗuwa nauyi. Kina iya tarar da kabari. Kina iya tarar da mai taɓin hankali. Kina iya tarar da wadda za ta aiko a ce miki don Allah ki rufa mata asiri kada ki zo, kuma tana da wannan haƙƙin. In kuma ya tabbata ba ta hanyar aure aka same ki ba, Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Kome aka gano, kada ki fara sallama da kanki. A samu dattijuwa mai riƙe magana ta riga ki.

To, littafi. Na karanta babi ukun a zama ɗaya, kuma ba kowane abin da ake aiko mini nake yi wa haka ba. Kina da hannu. Wurin da uwar riƙon take yi wa yarinyar kitso, yatsanta ya bi ta kan tsagar, ta yi shiru, sannan ta ja gashin da ƙarfi ta ce "zauna daidai", wannan marubuciya ce ta rubuta shi. Ba ki ce tana jin tsoro ba, kin bar yatsa ya faɗa. Amma duk inda baffan ya shigo, sai marubuciyar ta fita, mai ƙara ta shigo. Kin ba shi jajayen idanu da muryar Iblis, ko gaisuwa ba ya amsawa. Mai karatu ba zai yarda da shi ba, don a rayuwa irin wannan mutum yana da fara'a, yana raba wa yara alawa ranar Juma'a, yana kuma ganin kansa mai tsare dokar Allah. Ranar da kika iya rubuta shi ta yadda shi da kansa zai karanta ya ce an yi masa adalci, ranar littafin ya fara tsayuwa da ƙafarsa. Uwar riƙon ma kin wanke ta fes kamar ba mutum ba. Ai ta yi wa yarinyar ƙarya shekara talatin. Ki bar ta da wannan, ƙaunar da mai karatu zai yi mata ba za ta ragu ba.

Abin da ya fi burge ni kuwa ke kina ɗaukarsa aibi ne. A gefen shafi kin rubuta cewa kin kasa tsayar da mahaifiyar, a babi na ɗaya ta rasu wajen haihuwa, a na biyu budurwa ce da aka yaudara, a na uku matar da aka ƙwace wa 'ya. Kada ki gyara. Yarinyar da ke ƙera wa kanta uwa daban-daban kowane dare, tana duban fuskokin mata a Babbar Kasuwa tana neman hancinta, ita ce littafin. Wannan kuma ba ya jiran sakamakon bincikenki. Ko an gano ko ba a gano ba, yana rubutuwa.

Kada ki ce jigon ya tsufa ko ya yi nauyi. Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta yana malamin makaranta kamarki, aka buga a 1934 bayan gasar da aka shirya a 1933, labarin yaro ne da aka raba da uwarsa, uwar ta bi sawunsa har ta ƙetare hamada. Marubucin kuwa daga ƙasar Bauchi ya fito. Abin da ba a cika rubutawa ba shi ne na ciki, na ɗan riƙo da ke cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan gida bai san akwai abin da kowa ya sani sai shi ba.

Sai dai ki sauya komai da za a iya gane mutum da shi: gari, shekara, sana'a, yawan 'yan'uwa, har tsagar ki mai da ita wata alama. Kuma kada ki saki babi-babi kina cikin rubutawa. Masu karatu a WhatsApp suna da daɗi, amma su ke karɓe linzami. Yau a ce ki kashe baffan, gobe a ce ki aurar da yarinyar ga ɗan mai kuɗi, jibi ki ga an kwafe labarin an cire sunanki. Ki gama shi tukuna a ɓoye. Kalma 300 a rana, bayan asuba kafin yara su tashi, ta haura 100,000 a shekara, ya fi abin da kike buƙata. Ki kula da ƙa'idar rubutu, don na ga kina haɗe "shi ne" kina raba "yana", kuma ƙ da ɗ da ɓ duk sun ɓace, akwai allon rubutun Hausa a waya, ki sauke. Ki nemi reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, ANA, ki riƙa zuwa zaman karatu ki ji yadda ake fiɗar rubutun wasu kafin a fiɗi naki. Ki gwada hannunki a gajeren labari ma. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta mata ce zalla. Aikin koyarwa kuwa ki riƙe shi gam, littafi ba ya biyan kuɗin makarantar yara a shekarun farko.

Kin tambaya ko baƙin ciki ne ke riƙe da alƙalamin. A wuraren baffan, shi ne. A wurin kitson, ke ce, wadda ta fara cika littattafan rubutu tun tana sakandare ba ta san da wata ungozoma ba.

Ki sayi littafin rubutu guda biyu masu bango daban. Ɗaya na bincike, sunaye da ranaku da wa ya ce me, ki kulle shi inda kike kulle sarƙarki. Ɗaya na labari. Zanen kuma ki ɗauki hotonsa, ki mayar wa Dada abinta ta ci gaba da ajiye miki. Cikin goggonninki wadda ta fi tsufa, ki je mata a wannan makon, da goro da turare.